Shafi-Nawa da Maƙalar da Ta Rasa Shafin Farko

Na fara ganinsa ranar Litinin, sha huɗu ga watan Oktoba, a shekarar da aka mayar da ofishinmu bene na biyu. Ni ne akawun masu karatun babban digiri a sashenmu. Aikina karɓar kundi, da auna gefen takarda da rula, da duba jerin manazarta da ke bayan kowane kundi kafin a aika wa mai jarrabawa. Ba na duba ko abin da ɗalibi ya rubuta gaskiya ne, wannan ya fi ƙarfina. Abin da nake dubawa shi ne ko ya faɗi inda ya samo kowace magana yadda sashe ya tsara.

Ya shigo yana haki saboda matakala, da tsohuwar jaka a hammata. Gemunsa ya yi furfura, tabaraunsa kuwa kaurinsa kamar gindin kwalba. Na ɗauka uban wani ɗalibi ne.

"Baba, wa kake nema?"

"Kaina nake nema wa wuri, Akawu. Ɗalibi ne ni, kada furfurar ta ruɗe ka."

Na ba shi kujera, na ba shi haƙuri. Malami ne a wata kwalejin koyon sana'a, yana koyar da haƙar rijiya da gwajin ruwan sha, ya fi shekara ashirin yana yi. Sai aka fito da sabuwar doka: duk wanda ba shi da digiri na biyu za a cire shi daga aji a kai shi sito, ya riƙa tsaron bututu da famfo. An ba su wa'adi. Ya ce mini shi ba girma yake nema ba. Ajin kawai yake so a bar masa, don bai iya komai ba sai tsayawa gaban allo.

Ɗalibansa ne suka sa masa suna Shafi-Nawa. Duk wanda ya ce masa ya karanta abu a littafi, tambayar da zai fara yi ke nan: a shafi nawa? Sunan ya biyo shi har sashenmu, kuma bai taɓa jin haushi ba.

A ranar na miƙa masa takardar ƙa'idar sashe, wadda yawancin ɗalibai ke ninkewa su cusa a aljihu. Shi ya kai ta kusa da hancinsa ya karanta a gabana. Ƙa'idar ba ta da wuya. In ka ɗauki magana daga maƙalar da aka buga a mujallar ilimi, sai ka sa sunan marubucin da shekara a cikin baka, nan inda ka yi maganar, in ka kwafo kalmominsa ka ƙara da shafi. A bayan kundi kuma ka kawo cikakken bayani: sunan marubuci, shekara, taken maƙalar, sunan mujallar, juzu'i, fitowa, sannan shafin da ta fara da wanda ta ƙare.

"In marubutan biyu ne fa?"

"Ka sa su duka, yadda suka jeru a maƙalar."

"In babban ne a baya?"

"Ba ruwanka da babba. Yadda suka jera kansu haka za ka bar su."

Ya yi dariya ya ce ashe akwai wurin da ake bin layi a duniya. Tun daga nan muka saba. In ya zo ganin mai duba aikinsa bai same shi ba, wajena yake zama, ni ina harhaɗa fayil shi yana ba ni labarin rijiyoyi.

Bincikensa a kan rijiyoyin wasu ƙauyuka ne da ruwansu ke yin gishiri in rani ya yi nisa. Duk hutu yana can da igiya da kwalabe, yana aunawa. Karatun kuma yana da hanyarsa ta yi, kuma wannan hanyar ce ta kai shi inda ta kai shi. Idonsa ba ya ganin ƙananan haruffan mujalla. Saboda haka in ya aro mujalla daga laburare sai ya kai shagon Dogo mai kwafi da ke bakin ƙofar makaranta, ya ce a ƙara wa rubutun girma. In aka ƙara girma, gefen takarda ba ya shiga. Sunan mujalla da ke saman shafi da lambar da ke ƙasa duk sai su yanke. Ya san da haka. Shi ya sa yake yanka ɗan kati, ya rubuta cikakken bayanin maƙalar, ya maƙala shi da shafin farko da ƙarfen riƙe takarda. Na ga katunan, ban taɓa samun kuskure a ko ɗaya ba.

Dogo yana tsokanarsa. "Baba Shafi, kai kaɗai ne kake kawo mini tururuwa ka ce in mayar da ita raƙumi."

"Kai dai danna, ɗan nan. Ranar da idonka ya kai shekarun nawa za ka nemi giwa."

A shekararsa ta biyu mai gidan da yake haya ya ce yana son gidansa. Suka tashi cikin damina, a buɗaɗɗiyar mota, ruwa ya kama su a hanya. Kwalin takardunsa ɗaya ya jiƙe daga sama. Da suka isa, matarsa ta buɗe don ta shanya, ta tarar takardar da ke sama ta manne da kwalin ta zama dagwalo. Ta kankare ta zubar, ta shanya sauran a kan gado. Abin da ta zubar shafin farko ne na wata maƙala, da katinsa.

Bai lura ba sai bayan watanni, da ya zauna haɗa manazarta. Ya zo ofishina da sauran shafukan a cikin leda, ya shimfiɗa su a kan teburina. Ba suna, ba take, ba shekara, ba lambar shafi. Rubutu ne manya-manya da jadawali biyu, ya fara daga tsakiyar jimla.

"To ka cire ta mana," na ce. "Kana da wasu da yawa."

Ya girgiza kai. A cikin wannan maƙalar ce ya samo hanyar lissafin da ke nuna yadda gishiri ke hawowa a rijiya gwargwadon zurfinta da nisanta da rafi. Duk awon da ya yi a ƙauyuka, a kan wannan lissafin ya ɗora shi. Babi na uku da na huɗu a kanta suke tsaye. In an cire ta, abin da zai rage lambobi ne kawai a takarda.

"Ba ka tuna sunan mai ita?"

"Na rubuta a kati, Akawu. Abin da na rubuta ba na ɗaukarsa a ka, ai amfanin rubutun ke nan." Ya taɓa shafukan da yatsa. "Bangon mujallar dai kore ne. Ina jin kore ne."

Ya koma babban laburare. A can aka gaya masa an kwashe tsofaffin mujallu an kai ɗakin ƙasa don a sa kwamfutoci, bututu ya fashe a ɗakin, abin da ya ruɓe an fitar da shi. Aka bar shi ya shiga ya duba ragowar. Ya fito da tari da ƙura a gira, bai samu komai ba. 'Yarsa ta fari, wadda ke aikin jinya, ta riƙa buga jimlolin maƙalar a kwamfuta ko za su fito. Ba su fito ba. Tsohuwar maƙala ce, daga ƙaramar mujalla, da alama ba wanda ya taɓa ɗora ta a intanet.

Daga nan ya koma bin kamannin rubutu. Yana yawo da shafi ɗaya a aljihun gaba. Duk laburaren da ya shiga, sai ya nufi kantar mujallun ruwa, ya buɗe ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye shafinsa a gefe yana gwada siffar haruffa da yadda aka ja layin jadawali. Ya je wasu makarantu a wasu garuruwa. Hutun da ya saba yi a bakin rijiya ya koma yinsa a tsakanin kantoci. Masu laburare suka san shi, wasu na tausayinsa, wasu na ganinsa sai su ce ga mai neman kore ya iso.

Wata rana na je shagon Dogo yin kwafi na tarar da su.

"Baba, don Allah ka saurare ni," in ji Dogo. "Kundi nawa ya bi ta injin nan? Ka sa wani suna, ka sa wata shekara, juzu'i na kaza, shafi na kaza zuwa kaza. Wa zai bi? Akawu, ka taɓa zuwa laburare ka duba?"

Na ce ni tsari nake dubawa.

"Ka ji ko? Waƙafi da aya yake nema. Ka ba shi waƙafinsa ka wuce."

Shafi-Nawa ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "In wani yaro ya karanta kundina, ya tafi neman shafin da na ƙirƙira fa? Ya yi ta yawo kamar yadda nake yi?"

"Baba, wa ke karanta kundi? Ɓera?"

"To ko ɓeran ne, ba zan aike shi inda babu komai ba."

Dogo ya ɗaga hannu sama ya ce shi ya gaji, tsohon nan sai dai addu'a.

Mai duba aikinsa wani Dakta ne matashi, ɗalibai sun yi masa yawa, kullum yana tsakanin aji da taro. Ba mugu ba ne. Yana kiransa Baba, yana tashi ya ba shi kujera. Amma ya gaji da ganin shafukan nan a cikin leda. Da shekarar ƙarshe ta rajistarsa ta kama, Shafi-Nawa ya kawo nasa maganin. A farkon babi na uku ya rubuta cewa wannan hanyar lissafi ba tasa ba ce, ya samo ta daga wata maƙala da shafinta na farko ya ɓata, bai san mai ita ba, kuma yana neman afuwarsa. Ya nuna mini kafin ya kai. Na buɗe ƙa'idar sashe muka duba tare. Akwai yadda ake kawo maƙalar da ba ta da sunan marubuci, sai a fara da takenta. Akwai yadda ake kawo wadda ba ta da shekara. Babu yadda ake kawo wadda ba ta da komai.

Ƙofar Dakta tana kallon tawa, na ji abin da aka yi.

"Baba, wannan ba wasiƙa ba ce, kundi ne. In mai jarrabawa ya ga ka ce ba ka san tushen babinka ba, a nan zai rufe. Ni ma sai a tambaye ni me nake dubawa."

"To ya zan yi, Dakta?"

"Ka kawo suna, ko ka cire, ko ka faɗi abin da kalmominka. Lissafi ne fa. Ka shekara nawa kana aiki da shi? Ai ya zama naka."

"Bai zama ba."

"Baba, rajistarka za ta ƙare. Ba zan iya ƙara maka ko wata ɗaya ba, ba a hannuna yake ba."

Ya fito da takardar, an ja jan layi a kan sakin layin nan daga sama har ƙasa. Bai zauna wajena ba ranar.

Cikin makon matarsa ta zo. Ban taɓa ganinta ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayar ko nan ne wajen Akawu. 'Yar ƙaramar mace ce, ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Yallaɓai, ni ce na zubar da takardar. Na zo in ji ko akwai wanda zan roƙa."

Na ce mata ba laifinta ba ne, ruwa ne.

"Haka shi ma yake cewa. Da ma ya yi mini faɗa sau ɗaya in huta. Sai ya zauna ya zuba wa takardun ido, in na kawo abinci ya ce sannu, Maman yara, ya ture gefe." Ta share ido da gefen mayafi. "Takarda ɗaya ce fa, Yallaɓai. Duk rijiyoyin nan da ya shiga, da ciwon bayan da ya kwaso, ba za su tsaya a madadin takarda ɗaya ba?"

Na tashi daga teburina. Na raka ta har matakala.

Ya kawo kundin ana gab da rufe karɓa. Na auna gefe, daidai. Na duba manazarta, ban sami ko waƙafi ɗaya a inda bai kamata ba, ban taɓa karɓar jeri mai tsabtarsa ba. Na buɗe babi na uku. Ya sake rubuta lissafin da kalmominsa, ba baka, ba suna, ba sakin layin afuwa. Na ɗago na dube shi.

"Kada ka tambaye ni, Akawu," ya ce. "Ajin nake so."

Na buga hatimi na karɓa.

Ranar kare kundi ni ke rubuta abin da aka tattauna, don haka ina cikin ɗakin. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a wata dattijuwar Farfesa ce, mai magana a hankali. Ta fara da yabo. Ta ce ta daɗe ba ta ga awon fili mai kyau irin wannan ba, an ga mutumin da ya san rijiya. Na ga kafaɗun Shafi-Nawa sun ɗan sauka. Sai ta buɗe inda ta saka alama.

"Malam, wannan lissafin na babi na uku, naka ne?"

Ya gyara zama. "Ba nawa ba ne, ranki ya daɗe."

"Na sani. Da shi aka koyar da mu. Har jadawalinka na biyu tsarinsa ne. Me ya sa ban ga sunan mai shi ba, ko a ciki ko a baya?"

Ya ba ta labarin kwali da ruwan sama. Ya ce ya taɓa rubuta cewa bai san mai ita ba, aka ce ba a yin haka. Dakta yana kallon teburi, yana juya biro. Farfesa ta saurara har ƙarshe, ba ta katse shi ba.

"Na yarda da kai," ta ce. "Amma ni ba labari aka aiko mini ba, kundi aka aiko mini, da sunanka a bango. Duk wanda ya karanta babin nan zai ɗauka kai ka ƙirƙiro. Ka san sunan wannan a dokar makaranta. Da ka bar sakin layin nan, da na rubuta maka sunan a gefe na ce ka gyara."

Sai ta faɗi sunan marubucin, da shekarar, da mujallar. Ba mujallar ruwa ba ce. Ta masu nazarin ƙasar noma ce.

Na zaci zai roƙe ta, ko ya juya ga Dakta. Sai na ga yana lalube a aljihu. Ya fito da kati da fensir.

"Ranki ya daɗe, a shafi nawa ta fara?"

Wani daga cikin malaman ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta. Farfesa ta dube shi, ta duba takardarta, ta karanta masa juzu'i da fitowa da shafuka, a hankali, har sau biyu, yana rubutawa da hancinsa kusa da katin.

Kwamiti ya yanke cewa an yi amfani da aikin wani ba tare da ambatonsa ba. Farfesa ta nemi a ba shi dama ya gyara ya sake kawowa. Aka duba, rajistarsa ta riga ta ƙare, kuma doka ba ta yarda a sabunta wa wanda aka samu da irin wannan laifi ba. Ni na buga takardar, ni na sa ta a fayil.

Bayan kamar wata guda ya hawo benen, yana hutawa a kowane mataki. Ya ce ya samo mujallar. Tana laburaren tsangayar aikin gona, ginin da ake hangowa daga tagar ofishina. Ya taɓa shiga can lokacin nema, amma kantar ruwa kawai ya duba ya fito. Bangon ruwan ƙasa ne, ba kore ba.

Ya ajiye sabon kati a kan teburina. "Duba mini, Akawu."

"Baba, fayil ɗin an rufe."

"Na sani. Duba mini kawai."

Na ɗauko ƙa'idar sashe duk da na haddace ta. Suna, shekara a cikin baka, take, mujalla da layi a ƙarƙashinta, juzu'i, fitowa, shafuka. Na bi da bakin biro har ƙarshe.

"Daidai ne."

"Ba abin gyara?"

"Babu."

Ya karɓa ya maƙala shi da tsofaffin shafukan, ya mayar cikin leda. Ya ce in gaida yara, ya sauka.

Da wa'adin kwalejinsu ya cika aka cire shi daga aji aka kai shi sito. Ya yi shekara biyu a can, idon ya ƙara lalacewa har ba ya iya karanta lambar da ke jikin bututu, sai aka sallame shi kafin lokacin ritayarsa. Yanzu yana zaune a gidan 'yarsa ta fari shi da matarsa, ba ya fita sai an riƙe masa hannu. Awon rijiyoyin da ya yi ba a buga shi a ko'ina ba. Kundin yana kabad ɗin ofishina, a layin waɗanda ba su wuce ba.